Na Hana Maigida Shayin La'asar Don In Tara Kuɗin Iri

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, lakol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ni matar aure ce mai ɗiya biyu, a wani ƙauye kusa da Gazawa. Tun ina ƙarama abu guda nake tsoro, ruwan shuka ya sauka ba mu da iri, don na taɓa ganin babana tsaye bakin gona hannu wofi, maƙwabta suna shuka. Bana ga fari, hatsi ya ƙone tun bai fidda kai ba, shanun maigida ukun da ya gada duk sun mutu, har muka cinye irin da ke rumbu.

Yanzu tabarmar da nake saƙawa ce ke riƙe da gida. Ranar kasuwa nakan sayo hatsi, in sayo mashi ganyen shayi da sukari na dala ashirin. Kullum bayan la'asar yakan hura gawayi gindin gawo, abokansa biyu su zo su sha zagaye uku, nan kaɗai nake jin dariyarsa. Ni kuwa in na ga kumfar nan, iri nake gani yana tafasa. Sai na daina sayowa, na ce mashi ganye ya yi tsada, ina jefa kuɗin a gwangwani. Kun san jinin Fulani, ko yunwa za ta kashe shi ba zai roƙi mace ba. Ya wanke buta ya rataye.

Wata biyu ke nan. Abokan sun daina zuwa, shi kuma ya rame. Shekaranjiya uwarsa ta kira ni ɗaki, ta ce ke 'yar nan idonki na tabarma ne kawai? Ta ce in tuna mi yake cewa duk ranar da na kai mashi fura. Sai na tuna, cewa yake in ba yara su sha, shi shayi zai sha, shayi na kashe mashi yunwa. Ashe tun kaka ba ya cin na rana, shayin nan shi ne abincinsa, kuma shi ne mayafin kunyarsa. Yanzu ma turo kwaryar yake ya ce ya ƙoshi, alhali ba abin da ya shiga cikinsa.

Na faɗa mashi gaskiya ina kuka. Bai yi faɗa ba, ya ce na yi daidai, kada in taɓa gwangwanin, namijin da mace ke saya wa sukari ba shi da bakin magana. Wai bayan kasuwa mai zuwa zai bi mota ya yi kudu, kuma bai faɗi ranar dawowa ba.

Abin da na tara tiya biyu ta iri kawai zai saya. In na fasa na sayo shayi, ban san ko zai sha ba, ga iri ya tafi. In na riƙe, wa zai shuka mani shi? Ruwan ma ba wanda ya san ko zai zo.

Saura kwana huɗu kasuwa. In sayo ganyen in ajiye mashi gindin gawo, ko in bar gwangwanin a rufe? Ku gaya mani.