Jirgin Yazidu a Gonar Gero

Dutsin-Ma, Litinin

Zuwa ga ɗana Malam Yazidu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka na Kurfi. Tun da aka ɗauke sabis sai wasiƙa, ka yi haƙuri da rubutun wanda ya gudu daga firamare.

Na yi ɓarna. Tsuntsayen nan jan-baki sun addabi geronmu na Kuki, sai na tuna ƙaramin jirgin nan da ka sassaƙa, mai ɗan inji mai kuka kamar sauro, wanda kake riƙe da zaren ƙarfe biyu kana juyawa da shi. Na ce abin da yaro ke yi, ubansa zai gagara? Na ɓalle kwaɗon ɗakinka na ɗauko.

Ya tashi, wallahi. Abin da ba ka taɓa faɗa mini ba shi ne duniya ma tashi take yi. Juwa ta kwashe ni, na kifa cikin kunya, mariƙin ya kuɓuce. Jirgi ya ja zarensa ya bi ta kan kasuwa yana kuka. Masu awo suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar akuya.

Yanzu yana hannun Ashafa, shugaban 'yan sintiri. Ya ce wa ya ƙera? Na buga ƙirji na ce ɗana. Sai da na ga ba wanda ya yi murmushi na gane ba yabo ake nema ba.

Mahaifinka, Ilu mai gyaran janareto

Kurfi, Laraba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inno.

Labarin ya riga wasiƙarka isowa. Jiya mutum biyu suka zo makaranta suna tambayar me ke kai ni hanyar Barkiya, wajen dajin 'yan bindiga. Hedimasta ya ce in dakata da shiga aji. A masallaci an bar mini fili dama da hagu. Ka san abin da ake yi wa wanda aka kira infoman 'yan bindiga.

Baba, akwai abin da ka rage. Sun ce jirgin yana da ido a cikinsa, yana ɗaukar hoton gari. Ni ban sa masa ido ba. Wa ya sa? Kuma Bilya direba ya ce kana so in zo Kuki. Rubutun wasiƙar naka ne, na gane shi, amma wa ke tsaye a kanka lokacin da kake yi?

Ɗanka, Yazid

Dutsin-Ma, Alhamis

Yazidu,

Gaisuwa mai yawa. Wadda ke tsaye a kaina Inno ce, da muciya. Ita ma zargina take, don madubinta na kwalli ya ɓata. Shi ne idon. Ni na manna shi a cikin jirgin da gam, don ya riƙa walƙiya yana firgita tsuntsaye. Ya firgita kowa ban da su.

Na faɗa wa Ashafa haka. Ya ɓamɓare madubin, ya leƙa bayansa, ya kara shi a kunne, ya ce, "Malam Ilu, tsohon banza ne kai ko kuwa wayo ne da kai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ka tambayi matata."

Ban aiko a kira ka ba. Ashafa ne ya sa Bilya ya faɗa. Kada ka zo. Na ce wa 'yan sintiri jirgin nan bai iya wuce tsawon zarensa, tamkar ɗan akuya a turke. Sun ce in nuna gaban jama'a ranar kasuwa. In ya kuɓuce kuma, sun ce sun san amsa. Ka koya mini a takarda.

Ubanka, wanda ya jawo

Kurfi, Juma'a

Baba,

Ina gaisuwa. Zaren da na ɗaura wa jan ƙyalle shi ne na sama. Kada ka lanƙwasa hannu, ka miƙe shi kamar kana nuna mutum. Jirgin za ka kalla, ba ƙasa ba, ba mutane ba. Ka ɗaura mariƙin a wuyan hannunka. Ka zuba mai rabin tanki. Kada ka ci tuwo kafin ka fita, kuma don Allah kada ka yi wa Ashafa barkwanci.

Ban huce ba, amma ina yi maka addu'a.

Yazid

Dutsin-Ma, Lahadi

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Ashafa da kansa ya riƙe wutsiyar jirgin ya saki, don kada a ce na yi siddabaru. Na yi ta juyawa kamar jakin rijiya, mutane na ja da baya, har mai ya ƙare. Bai wuce zarensa ba ko taku ɗaya. Saukar ce ban iya ba: fiffiken hagu ya karye, ni kuma na zube gaban mai tsire.

Ashafa ya ce ya yarda wasa ne, ko da yake bai ga dalilin da mai hankali zai yi shi ba. Na roƙe shi ya aika Kurfi a wanke ka. Ya ce shi bai ɓata sunan kowa ba, bakin da ya ambace ka shi zai je. Kuma mutanen Kurfi ba su ga abin da Kuki ta gani ba, ba za su ɗauki maganar uba kan ɗansa ba.

Saboda haka ina nan ina fere fiffike da itacen rimi, bai yi kama da naka ba. Ka gaya wa hedimasta ya tara iyayen yara a filin ƙwallo. Kai kuma ka shimfiɗa mini tabarma a inda kake ganin zan faɗi.

Ilu