Yaya Bello ya miƙo mini foldar gidanmu

Daren Laraba, Goronyo

Yau da hantsi saƙo ya shigo wayata: Yaya Bello na son maida foldar gidanmu ta ma'ajiyar intanet ga sunana. Hotunan marigayi Baba na ciki, da takardun gonarmu ta Magarya, da muryar Inna tana ba da tarihin kakanninmu. Tun farko shi ke riƙe da ita.

Na kira shi. Shina kwance asibiti Sakkwato, gobe za a yi mai aiki. Na ce, "Yaya, mi ya kawo wagga magana yanzu?"

Ya yi dariya, muryar ba ƙarfi. "Hadiza, in tana ga sunana, randa aka rufe asusuna na intanet ta bi ni. Taɓa wurin amincewa kawai."

Na ce ya bari sai ya dawo gida. Ya ce, "Ke dai karɓi, hankalina ya kwanta."

Na wuni ina buɗe saƙon ina rufewa. Gani nike in na karɓa, na yarda ke nan ba zai tashi ba. Bayan la'asar matatai ta bugo, ta ce ya ƙi cin komi, sai tambaya yake ko na karɓa.

Na karɓa. Sunanshi ya sauka, nawa ya hau. Da aka gaya mai, hamdala ya yi, ya ce a kawo kunu. Ni ce har yanzu ban iya sa komi bakina ba.

Ya Allah, ka tashi kafaɗun Yaya.