Zanin wa zan ɗaura ranar Alhamis?

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, ni ban yi makaranta ba, da murya na turo maka, ka rubuta yadda na faɗa kar ka sa mini zuma. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni ce magajiyar mata masu sayar da koko da wake da shinkafa a layinmu na Sabonjida. Al'adarmu ba na ce wa kowa ga wanda za ki dangwala wa, sai dai taron da ya zo kafin zaɓe, zanin fatin da aka ga na ɗaura, shi mata za su bi. To ranar Alhamis akwai suna a Dabokpa, kuma zani biyu na ajiye a ɗakina, ban roƙi ko ɗaya ba.

Na farko na Onarabul ɗinmu ne, ɗan majalisa, shekara takwas yana bisa kujera, famfonmu bai ɗigo ba, fuskarsa sai a fosta. Na biyu na abokin takararsa ne, wanda ya faɗa a kan lasifika wai rumfunanmu na bakin titi ƙazanta ne, in ya hau sai ya sa an kwashe. Wato ɗaya ya manta da mu, ɗaya ya tuna da mu don ya kore mu.

Akwai wata malamar makaranta, 'yar zango ce, ita ta riƙa bin ofis-ofis a kan maganar ruwa. Ta nemi takara a fatin Onarabul, deliget suka shiga ɗaki suka kayar da ita, mu masu tsayawa layi cikin rana ba wanda ya tambaye mu. Yanzu ta tsaya ita kaɗai, ko zani ba ta buga ba.

Ƙanina deliget ne a fatin Onarabul, ya zo gidana yana ta Yaya kaza Yaya kaza, wai in na bi malama na zubar da ƙuri'ar mata a kwata, za mu raba wa Onarabul ƙuri'a mai rusau ya haye, wai gara mugun da ka sani. Na ce da shi kai ka dafa mana wannan tuwon a ɗaki, yanzu kana ce mini in zaɓi gefen da bai ƙone sosai ba? Ya ce haka tsarin yake, wanda ya fi da ƙuri'a ɗaya ya kwashe duka. Na ce ya tashi ya bar mini tabarma. Abin da ya fi ci mini rai, ɗan banzan bai yi ƙarya ba.

In na ɗaura na Onarabul, na saka masa da alheri a kan ƙishirwar da ya bar mu da ita, zaɓe mai zuwa ma haka za su sake ɗaure mu. In na je da farin mayafina kowa ya san malama nake nufi, kuma in aka rushe rumfar wata gwauruwa mai marayu, ƙofata za ta zo.

Ku faɗa mini, in toshe hanci in ɗaura, ko in sa farin? 'Yan fati kar ku cika mini kunne, wanda ya taɓa rasa wurin neman abincinsa shi nake son ji.