Ƙafar Kombo

Zuwa ga Yaya Mwanakhamis,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da wannan ƙaton cikin naki. Yaya nauyin jiki? Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Mijinki Kombo yana asibiti a nan tsibirin Unguja. Yana magana, yana cin abinci, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Za a ce miki kifi ne ya firgita shi, domin abin da ya faɗa wa mai jirgi ke nan. Yaya, ba kifi ba ne. Ni ne.

Ranar Talata muka kai Turawa huɗu 'yan yawon buɗe ido nutso a ƙarƙashin teku, wajen duwatsun murjani na tsibirin Mnemba, zurfin gaba goma sha biyu. Kin san yadda yake tsoron kifin nan mai kama da maciji da ke leƙowa daga rami. Yana cikin nuna musu kunkuru na zagayo ta bayan dutse na cafke masa ƙafar dama, irin wasan da nake masa a bakin ruwa. Na ɗauka zai waiwayo ya yi min daƙuwa. Sai ya harba sama.

Shi ya koya min ba a riga kumfar numfashi isa sama, kuma sai an dakata a hanya, in ba haka ba iska ta yi kumfa a jini ta kashe jiki. Bai dakata ba. Ni kuwa ga baƙi huɗu, dole na hau da su a hankali, ina kallon gindin jirgi, ina karanta duk surar da na tuna a zuci.

A jirgi har shayi ya sha, ya zage ni tas. Kafin mu kai gaɓa ya ce, "Vuai, ɗauke min tulun iskar nan daga kan ƙafata." Babu komai a kan ƙafarsa.

Kullum likitoci suna rufe shi cikin wani tankin ƙarfe mai matsa iska, don a narkar da kumfar da ke jininsa. Likita ba ta yi alkawari ba. Ki yi addu'a tukuna, zagina ya biyo baya.

Ƙaninki,
Vuai

Yaya Mwanakhamis,

Ina gaisuwa, ina gaida Mama. Shirunki ya fi bulalar malam zafi.

Tun Talata ban iya kallon teku ba. Jiya aka kawo keken guragu aka jingine a bakin ƙofa.

Yau bayan Juma'a ina shafa masa man kwakwa da kanumfari, idonsa a rufe. Wallahi ban yi niyya ba, hannun ne ya saba: na yi masa cakulkuli a tafin ƙafa. Bai buɗe ido ba ya ce, "Kai ɗan banza, ba ka daddara ba? Sakar min ƙafa."

Sai ya buɗe ido, muka zura wa ƙafar ido, ni da shi.

Ta hagu ce kawai ta ji. Ta dama, wadda na kama a teku, har yanzu shiru. Gobe zan sake gwadawa.

Ƙaninki mai neman gafara,
Vuai