Luguden da ke cikin kan Inna

Laraba da dare, Matamaye

Tun da muka dawo daga asibitin Damagaram nake tunanin gwajin da aka yi wa Inna. Na tsani wayoyin nan da suka liƙa wa Inna a kai, ita da ko ɗankwali ba ta cirewa gaban baƙo. Na'urar ta yi ta zana layuka masu hawa da sauka.

Lokotoro ya ce ƙwaƙwalwa tana da nata bugun, kamar luguden mata. In taɓarya na bin taɓarya, abin da mutum ya gani yakan zauna masa, musamman cikin barci mai nauyi. Na Inna ya fara saɓawa.

Da la'asar muna surfe da ƙanwata, Inna ta karɓi taɓaryata. Ko sau ɗaya ba ta kuskure ba, har da tafi. Na ce a raina lokotoron nan bai san komai ba.

Da aka gama, matar da ta haife ni ta dube ni da fara'a ta ce, "Sannu da aiki, yarinya. In kin koma gida ki gaida uwarki."

Na ce, "Za ta ji."