Tudun da Ake Jiran Ɗanka Ya Sa wa Hannu

Malam, sallama da gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da za ka gani ma, ba za ka gane hannuna ba, don sai bayan rasuwarka na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Binta ta haihu a Sandamu, mace, duk suna lafiya. Auta ya warke daga zazzaɓi. Yayarka Goggo Indo ce ƙafa ta matsa mata, a zaune take salla yanzu. Ni jikina ƙalau, hankalina ne ba a kwance ba.

Maganar babban ɗanka ce, injiniya. An tura shi wata mahaƙar kwal can nesa. In sun tsame kwal, sai su jibge sauran ƙasa da duwatsu wuri guda, har abin ya zama tudu. Kamfanin yana neman izinin ƙara masa tsayi, shi ne aka ce yaron ya duba ko gangaren zai tsaya in damina ta sauka. Ya haƙa ramuka ya auna ƙasar. Ya tarar ruwa yana tsattsafowa daga gindin tudun, ga tsaga a samansa, ga ƙauye a ƙarƙashinsa. Ranar Alhamis ake jiran sa hannunsa, manyansa kuma so suke ya sa.

Duk wannan ba ni ya gaya wa ba. Goggo yake kira a waya, ita da ta raine shi, ni ina gefe ina tsince wake kamar ba na ji. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tambayarsa yadda ya kwana ba. Haka aka koya mana, na yi, har yabona ake yi.

Jiya bayan azahar barci ya ɗauke ni a gindin darbejiya. Sai na ga tudun ya taso, baƙi wuluk, yana tafiya a hankali kamar raƙumi mai kaya, har ya durƙusa a ƙofar gidanmu. Jikinsa laushi irin na ƙasar da kake jiƙawa don tubali, wadda ke sulalewa da kanta in ta sha ruwa. Yaron yana can sama, ƙarami, ba takalmi, yana waige-waige ko wani zai kira shi ya sauko. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da na iya haɗa baƙaƙe, sunansa na fara rubutawa da tsinke a tokar murhu, na shafe kafin a gani.

Ya san ina jin tsoro kuwa? Ya san in ya ƙi sa hannu aka kore shi, tuwon gidan nan zai ishe mu? Wa zai gaya masa in ba ni ba? Ina so in kira shi da bakina, in ce kada ya sa hannu a kan abin da idonsa ya ga zai zaftare wa mutane. Amma me Goggo za ta ce?

Kai ka raɗa masa sunan nan a kunne. Ka ba ni izini in faɗe shi. In Allah ya yarda, ka zo mini ko a gyangyaɗi ne, ka gyaɗa kai kawai, kafin Laraba. In ba ka zo ba, zan ɗauka ka yarda.

Allah ya kai haske kabarinka. Ka huta lafiya.

Matarka, uwar Binta.