Takardar Hawan Dutse Mai Aman Wuta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Nan Dubai lafiya lau.

Abokan aikina sun matsa mu je Indonesiya, mu yi kwana uku muna hawan duwatsu masu aman wuta da ɗan jagora. Mai shirya tafiyar a unguwar Deira ya ce, "Habibi, babu haɗari ko kaɗan." Sai ga takarda, wai in rubuta wanda za a kira in wani abu ya same ni. Na ce shi ya taɓa hawa? Ya kama latsa waya. In babu haɗari, me ya kawo zancen magaji?

Sunanka na rubuta. A taya ni da addu'a, a gaida Inna, amma kada ta ji. In baƙuwar lamba ta kira ka, ka ɗauka.

Ƙaninka,
Nura